Ranar da Mai Laima Ya Kai Yayarsa Ƙarƙashin Ƙubba

A tsohon birnin akwai wani fili da aka shimfiɗa wa duwatsu tun zamanin kakanni, ƙafafun mutane sun goge su har suna sheƙi. Gabas da filin babban masallaci ne mai ƙubba. Yamma da shi tsohuwar majami'a ce mai hasumiyar ƙararrawa. A tsakaninsu gidan tarihi yake, wanda a da gidan mulki ne. Duk wanda ya taɓa zuwa kallon wuraren nan a wancan zamani, in ya buɗe tsofaffin hotunansa, da wuya ya rasa wani siririn mutum a gefen hoto, wandonsa da karin guga kamar kaifin wuƙa, hannunsa riƙe da baƙar laima a naɗe. Wannan shi ne Mai Laima, jagoran baƙi. Kusan shekara arba'in ya yi yana kai mutane kallo a filin nan.

Laimar ba ta ruwa ba ce, ba kuma ta rana ba. Ɗaga ta yake yi domin baƙinsa su hango shi cikin taro, da tsininta kuma yake nuna rubutun bango da zanen rufi. Masu sayar da hotuna a bakin fili sun sha rantsuwa cewa ba ta ma buɗuwa, don an taɓa ganinsa ranar da aka sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya jiƙe sharkaf, laima a hammata, yana ta bayanin ƙofar majami'a.

Amma abin da aka fi saninsa da shi shi ne tafiya da baya. Tsohon da ya koya masa aikin ya ce masa tun ranar farko, "Jagora ba ya ba baƙo ƙeya." Shi kuwa mutum ne wanda in aka ba shi ƙa'ida yakan riƙe ta hannu bibbiyu. Saboda haka fuskarsa kullum tana wajen baƙinsa, bayansa yana wajen abin da aka zo gani. Diddigensa ya san kowane dakali da kowane dokin ƙofa a wuraren nan uku, bai kuwa taɓa faɗuwa ba. Matarsa, Allah ya jiƙanta, takan ce masa, "Kai ko Aljanna da baya za ka shiga, kana yi wa mala'iku bayanin ƙofa."

Ba a birnin aka haife shi ba. Ɗan ƙauye ne, auta a ɗakinsu. Mahaifiyarsu ta rasu bai daɗe da barin nono ba, sai yayarsa, wadda a lokacin ba ta wuce 'yar budurwa ba, ta goya shi ta ci gaba da daka da ɗiban ruwa. Har ya yi furfura ba ta taɓa kiransa da wani suna ba sai Auta, shi kuma sai Yaya. Ita ce ta kai shi makarantar mishan da ke garin gaba, bayan ta sha faɗa da baffanninsu, waɗanda suka ce za a sauya wa yaro addini. Ta ce musu, "Addininsa a ƙirji na sa masa, ba a aljihu ba, balle a zare. Ku bar shi ya koyo harshe." A can ya koyi harshen baƙi, da rubutu mai tsabta, da gugar wando, da wata ɗabi'a da ta bi shi har tsufa: abin da bai tabbatar ba ba ya faɗa, abin da ya tabbatar kuwa sai ya faɗe shi duka, ko ana so ko ba a so.

Aikin akawu ya zo nema a birni, bai samu ba. Wata rana yana zaune a dakalin gidan tarihi, yunwa na cinsa, sai wasu baƙi suka tambayi hanya da harshensu, ya amsa musu da nahawu cikakke kamar yana gaban allo. Tsohon jagoran nan yana kusa, ya ji, ya yafuto shi. Daga nan aka fara.

Zamanin nan da daɗi yake. Baƙi ba su da yawa, kuma ba sa sauri. Sukan zo da littafi a hannu da hular rana a ka, su yi tambaya, su tsaya su ji amsa. Da hantsi, in ya shiga da su babban masallaci, ba kowa a ciki sai mai shara da wata tattabara da ta ɓato hanya. Yakan kai su daidai tsakiyar ƙubba, ya jira takun ƙafa ya lafa, ya yi sallama a hankali. Muryar takan hau, ta bi da'irar ginin, ta sauko musu a ka kamar wani ne ya amsa daga sama. Ya sha ganin manyan mutane sun cire tabarau suna share ido.

Duk lokacin da ya je gida hutu, Yaya takan zauna da faifai a cinya tana tsintar hatsi, ta ce, "To, ba ni labarin birni." Yakan ba ta na takubba masu kuben zinariya, da na tagogin majami'a masu launi waɗanda ke zuba ja da shuɗi a ƙasa in rana ta karkata. Ta saurara, ta ce madalla. Sannan ta ce, "Koma kan ɗakin nan mai amsawa." Ya koma. Ta dakata da tsinta har ya gama, ta ce, "Ni dai kafin in mutu sai na je na ji da kunnena."

Ya ce zai kai ta, kuma da gaske yake. Amma bana goyo, baɗi jinyar miji, sannan aurar da 'ya'ya, sannan renon jikoki. Lokacin da take samun sarari kuwa shi ne lokacin da baƙi suka fi yi masa yawa. Sai bayan girbi, sai bayan damina, har kawunansu duka biyu suka yi fari.

Kafin nan filin ya sauya. Manyan motoci suka fara juye mutane kamar ana juye hatsi a masussuka. Aka ja igiyoyi a cikin masallaci da gidan tarihi, aka yi ƙofar shiga daban, ta fita daban. Tikiti ya koma cikin waya, kowane da lokacinsa. Sababbin jagorori suna raɗa a wani ɗan abu da ke maƙale a wuyan riga, baƙinsu suna ji ta abin kunne, kowa ya ɗaga waya sama yana kallon ginin ta cikinta. Mai Laima bai ce aikinsu ba shi da kyau ba. Ya dai ce ba irin nasa ba ne. Da gwiwa ta fara damunsa, matarsa kuma ta rasu, sai ya koma gidan 'yarsa, ma'aikaciyar jinya, ya jingine laima a bayan ƙofa.

Ido ne ya kawo Yaya birni a ƙarshe. Ya daɗe yana dushewa, har ta kai ba ta bambance komai sai haske da duhu. Wani maƙwabcinsu mai motar kaya ya rage mata hanya, ya ce jibi da sassafe zai juya. 'Yar Mai Laima ta kai ta asibitin ido. Likita ya duba, ya sake dubawa, ya ce jijiyar ta riga ta mutu, babu aikin da zai dawo da ita.

Suka koma gida. Sai da suka zauna, aka kawo mata ruwa ta sha, sannan ta ce, "To, ido ya ƙi. Kunne dai yana nan. Auta, gobe ka kai ni ɗakin nan."

'Yar ta ce, "Gwaggo, ki huta mana. Cunkoson wurin nan ko mai ido biyu yana jin jiki."

"Hutu yana gaba, 'yata, mai tsawo ma. Na san ba zan sake hawa motar nan in dawo ba. In ban ji gobe ba, shi ke nan."

'Yar ta dubi mahaifinta, ta ɗauki waya ta yi ta latse-latse, da ƙyar ta samo tikitin masallaci guda biyu, na can da yamma, cikin rukunin ƙarshe na ranar. Ita tana da aiki, ba za ta iya raka su ba.

Da safe Mai Laima ya goge wando, ya goge takalmi, ya kakkaɓe laima. Da ya yi tunani, da sun zauna a gida har rana ta yi sanyi su tafi masallaci kai tsaye. Amma a wurinsa kallo yana da tsari: gidan tarihi, sannan majami'a, sannan masallaci, domin ido ya riƙa hawa daga ƙarami zuwa babba. Bai taɓa karya tsarin nan don kowa ba. Bai kuma faɗo masa a rai cewa yau babu idon da zai hau ba, sai ƙafafun tsohuwa da za su gaji.

A gidan tarihi ya miƙa mata tsinin laima ta riƙe, shi ya kama mariƙin, ya juya baya ya fara ja. Ɗakin takubba, ɗakin tsofaffin tukwane, ɗakin rigunan masu mulki. A kowane ɗaki Yaya takan miƙa hannu, hannun ya ci karo da abu mai sanyi.

"Wannan fa?"

"Takobin da nake ba ki labari, mai kuben zinariya."

Ta shafa. "Santsi gare shi kamar kwalba."

"Gilashi kike taɓawa, Yaya. Takobin yana ciki."

"Na ɗazu fa?"

"Shi ma."

"Ashe duk garin naku a kwalba yake. Allah ya sa ku dai kuna shan iska."

Wata mai gadin ɗaki ta yi dariya, ta tura mata kujerarta. Yaya ta zauna tana murza gwiwa. Shi kuwa ya tsaya a kanta yana sauya ƙafa, don akwai sauran ɗakuna, kuma a ganinsa barin gidan tarihi a rabi kamar barin salla ne a raka'ar farko. Sai da ya kai ta ɗakin ƙarshe.

A majami'a an yi sa'a, suna bakin ƙofa ƙararrawa ta buga. Yaya ta tsaya cak, ta karkata kai har amon ya mutu. Ta ce, "Wannan kam ta ci ta ƙoshi." Ya faɗa mata shekarar da aka zuba ta, da nauyinta, da yadda aka hau da ita hasumiya. Ta ce madalla.

Layin masallaci ya lanƙwasa har ya zagaye maɓuɓɓugar da ke tsakiyar fili. Suka bi shi taku-taku, gaba mutane, baya mutane, harsuna iri-iri suna tashi kamar ranar kasuwa. Yaya ta jingina da kafaɗarsa. Kafin su kai ƙofa ƙafafunta sun kumbura, sai da ya durƙusa ya cire mata takalmi da dabara. Aka ba su leda suka zuba.

Ya riga ya shirya abin da zai yi. Zai kai ta tsakiya, ya sunkuya daidai kunnenta, ya ce, "Ga shi nan, saurara." Ko da hayaniya, ya san ƙubbar ba za ta rasa abin da za ta mayar ba.

Amma da ƙafarsa ta taka darduma, ƙamshin nan ya buge shi, na tsohon ulu da turare da sanyin dutse, sai bakinsa na jagora ya buɗe. Bai san lokacin da ya fara ba. "Ginshiƙin da ke hannun damanki, Yaya, daga dutse guda aka sassaƙa shi." Wani dattijon baƙo da ke kusa ya ga yadda yake nuni, ya cire abin kunnensa, ya tambaye shi da harshensu ko me ya ce game da ginshiƙin. Mai Laima ya amsa masa da harshen. Matar baƙon ta cire nata. Wasu biyu suka matso, sannan wasu. Shekaru nawa rabon da wani ya dube shi da irin wannan ido! Ya zare laima daga hannun Yaya domin ya nuna rubutun da ke saman taga, ita kuma ta laluba ta kama hannun rigarsa.

Masu tsaro suna ta cewa, "A ci gaba, don Allah, ban da tsayawa." Taron yana tafiya tsakanin igiyoyi kamar ruwa a kwata, shi yana gaba da baya-baya, diddigensa na tuna hanya. A ƙarƙashin ƙubba ya yi bayanin da bai taɓa yin mai kyansa ba. Ya faɗi wanda ya gina, da yadda maginin ya kwana da fargaba ranar da aka cire katakon tokara, da dalilin jera tagogi a gindin ƙubba. Ya nuna benen mata can sama, wanda ya zagaye ginin kamar ɗamara. Ya ɗaga murya ta rinjayi hayaniya. Fuskoki suka ɗago, bakuna a buɗe, wayoyi suka sauka. Ya ji kamar an mayar masa da shekara ashirin.

Haka ruwan mutane ya fitar da su ta ƙofar fita. Baƙin suka yi ta ba shi hannu, wata ta roƙi hoto da shi da laimarsa. Da suka watse ya juyo yana murmushi. Yaya tana zaune a kan dakali, ledar takalma a cinya.

Ta ce, "Sannu da aiki, Auta. Ban gane ko kalma ɗaya ba, amma na san ka burge su. To yanzu da ka sallami baƙinka, yaushe za mu shiga ɗakin mai amsawa?"

Murmushin ya bushe masa a fuska.

"Yaya, ai ta cikinsa muka wuce."

"Ta ciki?"

"Inda na ɗaga murya. Nan ne."

Ta gyara ledar a cinya. Can ta ce, "Ashe nan ne. Ni na ɗauka zaure ne. Na ji mutane, na ji ka." Ta buɗe leda ta fara laluben takalminta. "Ba komai. Mu je gida."

Da zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi. Ya ce ta jira shi, ya zagaya ƙofar shiga yana ɗingishi. Mai duba tikiti, wata matashiya mai ladabi, tana naɗe igiya. Ya gaya mata duk abin da ya faru, bai rage komai ba.

Ta ce, "Wayyo, Baba. Ka yi haƙuri. Tikitin shiga ɗaya ne, kuma an riga an rufe ƙofar baƙi, magariba ta kusa. Sai gobe da hantsi."

"Gobe da hantsi tana kan hanyar ƙauye, 'yata."

"Wallahi da da hali da na yi maka. Makullin ba a hannuna yake ba."

Ya san gaskiya ta faɗa. Ya yi mata godiya, ya koma, ya sa wa Yaya takalmi, ya kama ta suka bi gefen bangon masallaci zuwa tashar mota. Laimar tana hammatarsa, ya rasa ma dalilin da ya sa ya ɗauko ta.

A gefen nan akwai wata ƙaramar ƙofa ta masu zuwa salla. A bakinta, tsakanin kantocin katako, wani tsoho mai tsaron takalma yana zaune a kan kujerar da ya gada tun yana saurayi. Shi da Mai Laima sun yi shekaru suna shan shayi a kofi ɗaya, ba su kuma taɓa gaisawa ba tare da tsokana ba.

"A'a! Wa nake gani? Sarkin baya-baya! Yau kuma gaba kake kallo, lafiya?"

"Kana nan har yanzu kana shaƙar warin ƙafa?"

"Shi ya riƙe ni. Kai da ka bar surutu, dubi yadda ka rame." Ya miƙe ya rusuna wa Yaya. "Sannu, Yaya. Ke ce wadda ya cika mana kunne da labarinta? An zo jin ƙubba ke nan. Yaya kika ji ta?"

Yaya ta ce, "Tambayi abokinka. Shi na ji."

Mai Laima ya ba da labari a taƙaice, abin da bai saba ba. Mai Takalma ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya ɗago ya ga fuskar abokinsa, sai dariyar ta tsaya.

Ya nuna ƙofar da haɓa. "To ai ga hanya. Ba tikiti, ba igiya."

"Ka san ban taɓa ba."

Ya kuwa sani. A wurin tsofaffin jagorori babu abin kunya kamar shigar da ɗan kallo ta ƙofar masu ibada. Akwai waɗanda suka riƙa yi, su yafa wa baƙuwa gyale su ce ta sunkuyar da kai ta bi sahu. Mai Laima bai taɓa kai ƙarar kowa ba, amma duk wanda ya gani ya yi haka, daga ranar ya daina zama benci ɗaya da shi.

Ya ce, "Ƙofar ibada ba ta 'yan kallo ba ce."

Yaya ta juyo da fuskarta wajen muryarsa. "Wace ce 'yar kallon?"

"Ba haka nake nufi ba, Yaya."

"Da wane idon zan yi kallon? Auta, tun kafin a yanke maka cibiya nake salla. Magariba ta yi, ga masallaci a gabana. Ko sai ka sa mini hannu?"

Mai Takalma ya ce, "Ta gama da kai."

Mai Laima ya ce, "Benen mata a sama yake. Matakalar doguwa ce, ga ƙafarki a kumbure."

"Ka taɓa hawa?"

"Maza ba sa hawa."

"To daina ba da labarin abin da ba ka sani ba. Cire mini takalmin nan."

Ya sake durƙusawa ya cire. Ana cikin haka aka fara kiran salla. Wata mata mai matsakaicin shekaru ta iso da jakar cefane, Mai Takalma ya ce mata, "Baiwar Allah, ga uwa, a taimaka mata zuwa sama." Matar ta ajiye jakar a wurinsa, ta ce, "Taho, Inna, riƙe ni nan." Suka nufi wurin alwalar mata. Yaya ba ta ko waiwayo ba.

Mai Laima ya tsaya riƙe da takalman tsohuwa. Abokinsa ya karɓe su, ya karɓi nasa, ya karɓi laimar ma, ya ce, "Kai kuma fa? Ko sai an sayo maka tikiti?"

Ya yi alwala ya shiga. Rabonsa da salla a nan har ya manta, domin a zamanin aiki lokacin salla shi ne lokacin da yake kai baƙi shan shayi, shi kuma ya yi tasa a ɗan masallacin da ke bayan rumfunan masu tsaraba. An kwashe igiyoyi. Wurin da ɗazu ya cika da hayaniya yanzu ba a jin komai sai motsin riguna da gyaran sahu. Ya tayar da salla, amma Allah ya gafarta masa, rabin zuciyarsa tana kan matakala. Yana jin hawan a gwiwarsa. Liman ya kai ƙarshen Fatiha, jama'a suka ce amin, amon ya tashi ya cika ƙubba ya sauko. Bai sani ba ko ta kai sama, ko tana zaune a tsakiyar hanya tana haki.

Da aka idar ya fito ya tsaya a gindin matakalar benen mata. Suna ta saukowa bibbiyu, uku-uku, suna karɓar takalma suna tafiya. Babu ita. Kantocin suka yi ta zama wayam har ya rage takalmanta da na matar da jakar cefane. Aka kunna fitilun fili. Mai Takalma ya bar tsokana, ya kama goge kantocinsa da tsumma.

Sannan suka ji taku, a hankali, ana ɗaga ƙafa ana ajiyewa. Matar ce ta fara bayyana, tana saukowa a gaba, Yaya tana dafe da kafaɗarta.

Matar ta ce, "Baba, wannan uwar taku akwai taurin kai. Ta ƙi tashi sai da kowa ya watse. Miyata ma yau sai a hankali."

Yaya ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Ya ba ki mai riƙe ki ranar da kike bukata."

Matar ta ce amin, ta ɗauki jakarta ta tafi. Mai Laima ya zaunar da Yaya a kujerar Mai Takalma, ya durƙusa a gabanta da takalmi a hannu.

"Kin kai sama?"

"Na kai. A raka'a ta biyu."

"Kin ji?"

Ta bar shi sai da ya gama sa mata ƙafa ɗaya. "Auta, shekara da shekaru kana ce mini saukowa take yi."

"Saukowa take yi mana."

"A wurinku na ƙasa. A sama ba haka ba ne. Da suka ce amin, daga ƙarƙashin ƙafata ta taso. Ta bi bango, ta wuce ta bayan kunnena kamar garken tsuntsaye, ta zagaya can nesa, ta dawo ta ɗaya kunnen. Har a haƙorana na ji ta, 'yan waɗanda suka rage."

Ya sunkuyar da kai yana fama da igiyar takalmi, wadda ba ta bukatar wani fama. Can ya ce, "Da kowa ya tafi fa? Me kika tsaya yi?"

"Magana na yi."

"Me kika ce?"

"Ba da kai na yi ba."

Mai Takalma ya tuntsire da dariya. "Yaya, don Allah ki ƙara kwana biyu a garin nan. Ba mu taɓa samun mai rufe masa baki ba."

"Ni ma sai da na makance na iya."

Mai Laima ya miƙe, ya karɓi laimarsa. Sannan ya ce, "Yaya, makarin nan da ake dafawa a bakin bene, wanda ake hangowa daga ƙasa. Dutse ne ko katako?"

"Katako ne. Akwai ma wani wuri da hannun mata ya cinye har ya yi kwari. Tafin hannuna ya zauna a ciki daidai, kamar don ni aka yi."

"Ta wane gefe? Kusa da matakala ko can gaba?"

"Kai, ɗan nan, bi a hankali mana. Ba ni hannu tukuna. Zan faɗa maka a hanya, in ka iya yin shiru."

Ya ba ta hannu. Suka yi wa Mai Takalma sai da safe, suka kama hanyar tasha a kan duwatsun da suka fara hucewa, tana ɗingishi yana ɗingishi, tana ba shi labarin benen mata tun daga matakalar farko.